Wa Ake Yi wa Rawar?

A shekarar 1788 wani likita Bature mai suna Alexander Falconbridge, wanda ya yi aiki a jiragen fataucin bayi, ya buga ɗan littafi a Landan yana ba da labarin abin da idonsa ya gane masa. Cikin abubuwan da ya faɗa har da batun rawa. Idan gari ya yi kyau, sai a fito da bayin daga cikin jirgi zuwa sarari, mazan ɗaure bibbiyu da mari a ƙafa, a kaɗa musu ganga a ce su taka. Wanda ya yi nauyin jiki bulala ce ke tashinsa. Masu jirgi sun lura cewa jikin da ya yi makonni a dunƙule yakan sandare, ya kamu da cuta, ya faɗi a farashi kafin a isa kasuwa. Saboda haka rawar magani ce a wurinsu, amma maganin haja, don ribar mai haja.

Duk wanda zai ce yau rawa tana warkar da zuciyar baƙar fata namiji a Amurka, daga nan ya kamata ya fara lissafi. Fiye da shekara ɗari biyu ne tsakanin wancan jirgi da filin ajiye motoci na Los Angeles inda samari ke kafa da'ira da dare suna dukan ƙasa da ƙafa har wani ya fashe da kuka. Salo ya sauya ba adadi, kiɗa ya sauya, tufafi sun sauya. Amma sauyin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wanda ake yi wa rawar, domin a ganina a nan maganin yake, kuma a nan cutar take.

Tun zamanin bauta rawar ta rabu gida biyu. A 1739, kusa da kogin Stono a Karolina ta Kudu, wasu bayi suka yi bore, suka kama hanya suna kaɗa ganga don kiran 'yan'uwa. An murƙushe su, kuma a 1740 majalisar yankin ta kafa dokar da ta hana bayi riƙe ganga da ƙaho da duk wani abin kiɗa mai kai sauti nesa. Masana da yawa suna ganin irin wannan hani ne ya mai da kiɗan cikin jiki: tafi, bugun cinya, bugun ƙirji, dukan ƙasa da diddige, abin da ake kira juba. A tsibiran gaɓar Jojiya da Karolina kuwa, cikin 'yan ɗakunan ibada na katako, sai aka riƙa rawar kewaye. Mutane su jeru a da'ira suna juyawa saɓanin hannun agogo, suna jan ƙafa a ƙasa ba tare da an giciye ta ba, wani yana buga sanda a daɓen katako, mai bayarwa yana bayarwa ana amsa masa, a hankali a hankali abin yana zafi har gumi ya jiƙa kowa. Su ba su ɗauke ta rawa ba ma; ibada ce, tunda ƙafa ba ta giciye ba. Har yau akwai iyalai a gundumar McIntosh ta Jojiya da ke riƙe da ita. A wannan da'ira babu ɗan kallo. Duk wanda ke ɗakin yana ciki.

Ɗaya gidan shi ne rawar da ubangida ke so ya gani. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya rubuta a littafinsa na 1845 cewa hutun da ake ba bayi tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, na kiɗan goge da rawa da giya, dabara ce ta iyayen gida don su huce zafin da zai iya zama tawaye. Ya kuma ƙaryata masu cewa waƙar bawa alamar jin daɗi ce. Wannan gargaɗi nasa ban taɓa iya ajiye shi gefe ba. Abin da ke sanyaya zuciyar wanda aka zalunta yana iya zama abin da ke sauƙaƙa wa azzalumi aikinsa, kuma duk mai gaskiya da ke yabon rawa a matsayin magani dole ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Da rawar ta hau dandamali, gidan ubangida ne ya yi rinjaye na tsawon lokaci. Wajen 1830 wani Bature ɗan wasa, Thomas Rice, ya shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon rawar baƙar fata don a yi dariya, kuma sunan mutumin da ya ƙirƙira, Jim Crow, shi ne daga baya ya zama sunan dokokin wariyar launin fata a kudancin ƙasar. Abin ya kai ga baƙar fata da kansa sai ya ƙara shafa baƙi kafin a ba shi fili; Bert Williams, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan farkon ƙarni na 20, haka ya yi rayuwarsa ta sana'a. Bill Robinson, gwanin rawar ƙwanƙwasa takalmi, duniya ta fi tuna shi da fim ɗin 1935 inda yake hawa matakala yana rawa tare da ƙaramar yarinya Shirley Temple, a matsayin baran gida mai fara'a. A gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem ta New York baƙaƙe ne ke rawa, Turawa ne ke zama a kujeru. Ba na raina waɗannan mutane ko kaɗan. Wanda ya kalli 'yan'uwan nan biyu, Fayard da Harold Nicholas, a fim ɗin Stormy Weather na 1943, suna tsallake juna suna dira a kan matakala da ƙafafu a ware, ya san ya ga gwanintar da ba a maimaita ta. Sai dai sharaɗin aikin shi ne murmushi. Ƙafa tana da 'yancin ta yi abin da ta ga dama, fuska kuwa an riga an rubuta mata abin da za ta ce.

A wajen dandamali ma haka fuskar take a ɗaure. A kudancin Amurka na zamanin wariya, dattijo mai jikoki ana kiransa yaro ya amsa. Ya sauka daga gefen titi idan Bature na tafe, ya sunkuyar da ido, kada ya ɗaga murya. A 1955 aka kashe Emmett Till, ɗan shekara 14, a Misisipi, kan zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya. Uwar da ta ga haka me za ta koya wa ɗanta? Ta ciki na ciki. Kada ka nuna fushi, domin fushinka na iya zama ajalinka. Kada ka nuna tsoro ko rauni, domin unguwa ba ta tausayin mai rauni. Mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to su an hana fuskar ba da labari. A 1992 wasu masana biyu, Richard Majors da Janet Mancini Billson, suka fitar da littafi mai suna Cool Pose a kan wannan ɗaurarriyar fuska, yadda take kare namiji a titi, da yadda take cinye shi a gida, tsakaninsa da matarsa da 'ya'yansa.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tarbiyya. Yaro ya faɗi a ce masa tashi, namiji ba ya kuka. Mukan kuma ɗauki rawa abin mata da yara da maroƙa, abin da mai kamala ba ya yi a bainar jama'a. Amma wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda ƙato ke tsuma idan kalangu ya kira sunansa, jikinsa na ɓari, ya fito yana taku yana kirari, wani har hawaye na zuba, ya san cewa mu ma mun bar wa namiji wata 'yar ƙofa da abin da ke cikinsa zai fita ta jiki ba tare da an ce ya yi abin kunya ba. Bambancin shi ne dauriyarmu ta neman yabo ce. Tasu ta haɗa da neman kwana da rai.

Ko a wancan zamani akwai wuraren da mutum ke yi wa kansa rawa. Zauren Savoy da aka buɗe a Harlem a 1926 yana karɓar baƙi da fari, kuma a can ɗan dako da direba da mai goge takalmi ke zama sarakuna daren Asabar. Frankie Manning a can ya tashi, shi ne aka fi danganta wa ƙirƙirar salon cilla abokiyar rawa sama ta dira daidai kan kiɗa. Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwar irin kiɗansu ta mutu, sai ya kama aikin gidan waya ya yi wajen shekara talatin yana harkar wasiƙu. A shekarun 1980 wasu matasa suka nemo shi ya koya musu, ya dawo fili yana da shekara saba'in da wani abu, bai daina ba har ya rasu a 2009 yana da 94.

Wanda ya fara kwance fuskar a kan babban dandamali, a sanina, Alvin Ailey ne. An haife shi a 1931 a ƙauyen Rogers na Texas, mahaifinsa ya tafi tun yana jariri, mahaifiyarsa tana tsinkar auduga tana aikatau. Ya kafa ƙungiyarsa a New York a 1958, kuma a 1960 ya fito da Revelations, wasan da ya gina a kan waƙoƙin cocin da ya ji yana yaro. A cikinsa akwai wani sashe da namiji ɗaya ke yi shi kaɗai, sanye da farare. Yawancin lokacin yana ƙasa. Ya yunƙura zai tashi, ciki ya murɗe, ya koma. Ya miƙa hannu sama kamar mai roƙo, hannun ya yi rawa ya sauko. Babu tsalle, babu murmushi, babu abin burge kowa. Mutum ne mai tsoron mutuwa da tsoron zunubinsa, a gaban jama'a, bai ɓoye ba. A lokacin da aka saba ganin baƙar fata ko dai abin dariya ko abin tsoro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekara tara bayan haka Arthur Mitchell, wanda ya kai matsayin tauraro a ƙungiyar rawar bale ta birnin New York, ya kafa makaranta da ƙungiya a Harlem. Labarin kisan Martin Luther King a Afrilun 1968 ne ya juyo da shi gida, ya fara koyar da yaran unguwa a wani tsohon gareji.

Amma rayuwar Ailey kanta ita ce hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa rawa ta isa. A 1980 ya samu mummunar taɓuwar hankali har aka kwantar da shi a asibiti, likitoci suka gano yana da cutar da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ta dawo da shi cikin baƙin ƙunci. Ya rasu a 1989 yana da shekara 58, sanadiyyar cutar ƙanjamau, kuma ya roƙi likitansa ya faɗi wani suna daban don kada mahaifiyarsa ta sha gori. Mutumin da ya koya wa dubban maza yadda za su buɗe ƙirji a gaban duniya ya tafi da nasa a rufe. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Labarin unguwar Bronx ta New York an sha ba da shi. Ranar 11 ga Agustan 1973, a wani gidan haya mai lamba 1520 a titin Sedgwick, wani matashi haifaffen Jamaika, Clive Campbell da ake kira Kool Herc, ya yi kiɗa a shagalin ƙanwarsa. Dabararsa ita ce ya tsawaita gurbin da ganga ke kaɗawa ita kaɗai ta hanyar amfani da faifai biyu, kuma a wannan gurbi samari baƙaƙe da 'yan asalin Puerto Rico suka gina rawar burek. Ta iso mana a kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980, yara suna juyi da ka a kan kwali, mu muna ganin wasan motsa jiki ne kawai, ba mu san unguwar da ta haife ta tana cin wuta ba. Ana yawan cewa rawar ta maye gurbin faɗan daba. An ƙara gishiri. Sau da yawa gasar kanta da faɗa take ƙarewa. Abin da ba a ƙara wa gishiri ba shi ne ta dawo da da'ira tsakiyar titi.

Inda na fi so in daɗe shi ne kudancin Los Angeles. Manyan masana'antun taya da na mota da suka riƙe iyalan baƙaƙe sun rufe a wajen 1980. Hodar iblis mai araha ta shigo, ƙungiyoyin daba na Crips da Bloods suka raba unguwanni, har launin rigar da yaro ya sa yana iya jawo masa harsashi. A Maris na 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sanda suna jibgar Rodney King, ranar 29 ga Afrilun 1992 kotu ta sallame su, gari ya kama da wuta kwana shida, fiye da mutum 60 suka mutu. A cikin wannan shekarar wani mutum mai suna Thomas Johnson, wanda ya yi zaman kurkuku kan sayar da ƙwaya, aka roƙe shi ya yi shigar ɗan barkwanci a bikin zagayowar haihuwar wani yaro. Ya sa hular gashi mai launuka, ya fente fuska, ya kunna hip-hop ya yi ta tiƙar rawa. Daga nan ya zama Tommy the Clown. Yara suka riƙa binsa, shi kuwa ya gindaya sharaɗi: ba daba, ba ƙwaya, a kula da makaranta. Kafin a ankara ƙungiyoyin masu fentin fuska sun cika yankin, kuma yaron da ke cikinsu yana da amsar da zai bayar idan aka tare shi aka tambaye shi ɓangaren da yake.

Amma rawar Tommy ta bikin yara ce, dole a yi fara'a. Wasu daga cikin samarin da suka taso a wannan harka suka ga abin da ke cikinsu ya fi ƙarfin fara'a. Ceasare Willis da ake kira Tight Eyez, da Jo'Artis Ratti da ake kira Big Mijo, su ne aka sani da fitar da sabon salo a farkon shekarun 2000, wanda ake kira kuramp. Sun ajiye hular gashi, sun ajiye dariya.

Ga yadda zamansu yake. Dare ne, a filin ajiye motoci ko bayan wani gida, an buɗe ƙofofin mota kiɗa na fita, kiɗa mai nauyi kamar ana sara. Da'irar a matse take, kafaɗa na gogar kafaɗa. Mutum ɗaya ya shiga. Ya doki ƙasa da ƙafa, sau ɗaya, sau biyu, kamar yana neman inda zai tsaya. Ƙirji ya bugo waje ya koma, ya sake bugowa, sai ka ce wani abu ne a ciki ke neman hanya. Hannu ya wulwula daga kafaɗa, ya kai naushi ga iska, ya damƙo wani abu da ba a gani ya yayyaga shi. Fuska ta yamutse, haƙora a waje, jijiyar wuya ta miƙe. Ya kama wuyan rigarsa ya ja. Mutanen da'ira kuwa ba shiru suke ba: suna ihu a kunnensa, suna kiran sunansa, suna dukan bayansa, wani ya riƙe shi ta ƙugu kada ya faɗi. Idan ya kai inda ba a iya wucewa, sai da'irar ta rufto a kansa gaba ɗaya, a rungume shi, zagayen ya ƙare. Wanda ya hango daga nesa zai rantse faɗa ake yi. Wanda ke kusa zai ga naushin ba ya sauka a kan kowa.

David LaChapelle ya ɗauki wannan a fim ɗinsa Rize na 2005, har sai da ya rubuta a farkon fim ɗin cewa ba a ƙara wa hoton sauri ba, don ya san ba za a yarda jikin mutum na iya haka ba. Da yawa daga matasan da suka yi magana a ciki suna da wanda suka rasa, a kurkuku ko ga ƙwaya ko ga harsashi. Suna da tsari da suke kira iyali: babba ya ɗauki ƙanana, ya ba su sunansa da ɗan ƙari, ya koya musu rawa, ya bi sawun karatunsu, wani lokaci ya ba su wurin kwana. Tight Eyez mutum ne mai riƙo da addinin Kirista, kuma shi yana ɗaukar rawar a matsayin yabon Ubangiji. Akwai mata gwanaye a cikinsu tun farko, irin su Miss Prissy, amma maza ne suka fi yawa, kuma su ne ba su da wani wurin da za su yi irin wannan.

Abu ɗaya a fim ɗin bai kwanta mini ba. An sarƙa hotunan yaran da tsoffin hotunan mutanen Nuba na Sudan suna kokawa da rawa, don a nuna abin a jini yake. Na fahimci ƙishin da ke bayan wannan, ƙishin mutanen da aka yanke daga asalinsu. Amma faɗin haka yana ƙwace wa yaran aikinsu. Ba gado suka tsinta a kwance ba. Sun zauna a ɗakuna da gareji suna maimaita motsi ɗaya sau ɗari, suna ba kowane suna, suna gardama a kan wanda ya yi daidai. Kuma cewa baƙar fata da rawa aka haife shi tsohuwar magana ce da 'yan kallo suka daɗe suna fakewa da ita don kada su tambayi abin da ke damun mai rawar.

A Oakland, a 2009, shekarar da ɗan sandan jirgin ƙasa ya harbe Oscar Grant a tashar Fruitvale, aka ɗauki wani ɗan gajeren bidiyo da miliyoyin mutane suka kalla. Samari huɗu ne a kusurwar titi, ana ruwan sama. Ɗan'uwan ɗayansu ya rasu a haɗarin mota, suka zo wurin don su yi masa ta'aziyya irin tasu. Motar 'yan sanda ta tsaya a gabansu, ta ɗan jima, ta wuce. Sai suka fara, ɗaya bayan ɗaya, suna sulɓi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kamar ƙafa ba ta taɓa ƙasa, suna juyi a kan yatsun ƙafa, suna lanƙwasa kafaɗa, motoci na wucewa ta gefensu. Ba wanda ya yi jawabi. Salonsu mai laushi ne, kishiyar kuramp, amma aikin ɗaya ne.

To mene ne ke warkarwa a nan? Likitoci sun daɗe da sanin motsi yana taɓa hankali. Tun 1942 Marian Chace ta fara aiki da rawa tare da masu taɓin hankali a asibitin St. Elizabeths na Washington, kuma a 1966 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka. Baƙin ciki da fargaba a jiki suke zama, a wuya da kafaɗa da numfashi, kuma mutumin da bakinsa ya kasa faɗa jikinsa na iya farawa. Wannan gaskiya ne, amma da motsi kaɗai ne da gudu ma ya wadatar. Ni abin da na gani shi ne shaida. Namiji ya fito da mafi munin abin da ke cikinsa, fushin da aka ce masa zai kai shi kabari, raunin da aka ce zai zubar masa da mutunci, a gaban maza 'yan'uwansa, su kuma maimakon su gudu ko su yi dariya sai su matso. Ya fita daga da'irar an san shi, kuma ba a ƙi shi ba. Ga wanda ya girma yana ganin mata na riƙe jaka da kyau idan ya shigo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma dole a faɗi dalilin da ya sa da'ira ke ɗaukar nauyin da ya kamata asibiti ya ɗauka. Ganin likitan ƙwaƙwalwa a Amurka da tsada, baƙaƙe a cikin masu wannan aiki kaɗan ne ƙwarai, ga kuma tsohon rashin yarda mai dalili: daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan maza baƙaƙe a Tuskegee da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. An samu sauyi a 'yan shekarun nan, mawaƙa da 'yan wasa maza suna fitowa fili suna cewa suna ganin likita, kuma ina murna da haka. Rawa ba ta biyan kuɗin haya, ba ta fito da uba daga kurkuku, ba ta maye gurbin ƙwayar maganin da mai irin ciwon Ailey ke bukata. Mai cewa a bar su da rawarsu ta ishe su, maganar iyayen gidan da Douglass ya fallasa yake maimaitawa.

Yanzu kuma kyamara ta shiga kowane aljihu, kuma tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga. Kuramp ta kai Japan da Rasha da Faransa; a 2019 Bintou Dembélé ta shigar da masu irin wannan rawa dandamalin gidan opera na Paris, cikin wani wasa da aka rubuta tun 1735. Rawar burek ta shiga gasar Olamfik a Paris a 2024, da alƙalai da maki, kuma ba ta cikin jerin wasannin 2028 da za a yi a Los Angeles. A 2018 mawaƙi 2 Milly da ɗan wasa Alfonso Ribeiro suka kai kamfanin da ke yin wasan bidiyo na Fortnite ƙara kan sayar da salon rawarsu ba izini, daga baya suka janye, ofishin haƙƙin mallaka kuma ya ƙi yi wa rawar Ribeiro rajista da hujjar gajeren taku ne. Yaro a yau yana iya koyon kowane motsi daga waya, shi kaɗai a ɗaki, ya ɗauki kansa na daƙiƙa talatin ya jira a danna masa alamar so. Ina farin ciki da waɗanda rawa ta ba su abinci da fasfo, haƙƙinsu ne. Damuwata ita ce waya tana koyar da taku amma ba ta da hannun da za ta riƙe mutum ta ƙugu. Mai yi wa kyamara rawa yana zaɓen fuskar da zai nuna, kuma fuskar da ake zaɓa ita ce dai wadda aka so a tsere mata tun farko.

A ƙarshen Mayun 2020, kwanaki kaɗan bayan kisan George Floyd a Minneapolis, Big Mijo ya je zanga-zanga a Santa Monica. 'Yan sanda sun ja layi da kwalkwali da kulake. Ya tsaya a gabansu, 'yan taku kaɗan tsakani, ya fara: dukan ƙasa, bugun ƙirji, hannu na wulwulawa. Duk wanda ya san Amurka ya san haɗarin da ke cikin haka, baƙar fata ƙaƙƙarfa yana kai hannu ta wajen masu bindiga. Na yi ta tunanin ko wannan ma rawar 'yan kallo ce, tunda ga Turawa a tsaye ga wayoyi na ɗauka. Ban ga haka ba. Ba wanda ya umarce shi, ba wanda ya biya shi, kuma bai gyara fuskarsa don ran kowa ya yi daɗi ba. Ya nuna musu fushin gaba ɗayansa, a kusa, sannan ya yi musu magana yana bayyana abin da suka gani. Wajen shekara ashirin ya yi yana koyon yadda ake sakin hannu da dukkan ƙarfi a kuma tsayar da shi inda ake so, yana koya wa ƙanana, kuma ranar da ya fi bukatar wannan horo bai kuskure ba.